Man Dizal Daga Gansakuka: Lissafinsa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Gansakuka iri biyu ce ga mai lura. Akwai mai zare-zare, wadda ke manne wa duwatsun rafi da bakin rijiya tana sa santsi. Akwai kuma wadda ba a ganin ƙwayarta sai da madubin ɗakin bincike, abin da ido ke gani kawai shi ne ruwan kududdufi ya rikiɗe ya koma kore shar bayan ɗaukewar damina. Wannan ta biyu ita ce masana suka shafe kusan shekara 50 suna neman hanyar tatsar mai daga jikinta domin tayar da injin dizal. Kowace ƙwaya a cikinta halitta ce mai zaman kanta, ba saiwa, ba kara, ba ganye. Wadda aka fi sani ita ce Chlorella, da wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya ware ta a 1890. Ƙanƙantarta ta kai a jera ɗari zuwa ɗari biyar kafin su cika milimita ɗaya. Tana da 'yan uwa irin su Scenedesmus, da ke zama huɗu-huɗu ko takwas-takwas a manne da juna, da Botryococcus braunii, da Dunaliella mai son ruwan gishiri.

Abin da take rayuwa da shi bai bambanta da na sauran tsirrai ba: hasken rana, ruwa, iskar kabon, da sinadaran taki, musamman naitirojin da fosfaras. Bambancin yana wajen sauri. Masara tana kashe ƙarfinta wajen gina kara da saiwa da ganye, ta yi wata uku ko huɗu kafin ta ba da hatsi. Ƙwayar gansakuka kuwa rabuwa kawai take yi, kuma idan yanayi ya yi mata daɗi yawanta kan ninka cikin kwana ɗaya. Abin da ta samu daga rana tana ajiye shi a matsayin furotin da sitaci da mai. A busasshiyar Chlorella man yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, a Botryococcus kuma yakan haura rabin nauyinta, sai dai ita ragguwa ce wajen girma. Kaso mai yawa na ɗanyen man da ake haƙowa a duniya ma asalinsa irin waɗannan ƙananan halittu ne, da suka mutu suka kwanta a ƙasan teku miliyoyin shekaru da suka wuce.

Tun a nan matsalar farko take kunno kai. Gansakuka ba ta tara mai sosai sai tana cikin wuya. Idan aka wadata ta da naitirojin sai ta yi ta hayayyafa, amma jikinta duk furotin ne. Idan aka hana ta, sai hayayyafar ta tsaya ta koma tara mai. Dabarar da aka fi bi ita ce a raba aikin gida biyu, a ciyar da ita har ta yi yawa, sannan a mayar da ita ruwan da ba taki ta yi 'yan kwanaki cikin yunwa. Dabarar tana aiki, amma tana ƙara fili da lokaci da kuɗi.

Man tsiro ɗanye ya fi dizal kauri nesa ba kusa ba. Inji yana iya tashi da shi, kamar yadda aka nuna a baje kolin birnin Faris na 1900, inda injin dizal ya yi aiki da man gyaɗa zalla, amma a hankali yana toshe nozul ya bar dauɗa a cikin inji. A 1937 wani masani a Beljiyam, Chavanne, ya yi rajistar hanyar sarrafa manja ya tsinke ya dace da inji, kuma tushen hanyar bai canja ba har yau. Ana ɗumama man zuwa kimanin digiri 60, a zuba masa mitanol da aka narkar da soda a ciki, irin sodar da ake yin sabulu da ita, a yi ta juyawa kamar awa ɗaya, sannan a bar shi ya kwanta. Gilisarin mai duhu da nauyi ya sauka ƙasa, bayodizal ya taso sama, a tsiyaye shi, a wanke da ruwa, a busar. A ƙiyasi, kilo 100 na mai da kilo 10 na mitanol suna ba da kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin. Idan man yana da ruwa ko tsami ya yi masa yawa, sabulu ake kwasowa maimakon dizal, kuma man gansakuka yana da wannan halin, ga koren launin ganye da sai an tace shi. Duk da haka ba a nan gizo ke saƙa ba, domin ɗalibin sashen kimiyyar sinadarai yana gama wannan matakin a yini ɗaya.

Abin da ya ruɗi duniya alƙaluma ne. A 2007 Yusuf Chisti, malami a jami'ar Massey ta ƙasar Niyu Zilan, ya wallafa wani nazari da ya kwatanta man da hekta ɗaya ke bayarwa a shekara: waken suya lita 446, cini da zugu lita 1,892, kwakwar manja lita 5,950, gansakuka kuwa lita 58,700 idan kashi 30 na jikinta mai ne. Ga shi ba ta buƙatar ƙasar noma, ba ta gasa da abincin mutane, tana iya rayuwa a ruwan da ba ya shayuwa, kuma kowane kilo ɗaya na busasshiyarta yana shanye kimanin kilo 1.8 na iskar kabon. Sai dai adadin nata an samo shi ne daga gwaji a na'urorin da aka tsare komai a cikinsu, aka ninka shi zuwa hekta, alhali na waken suya da manja daga gonakin gaske suka fito. Da yawa daga masu zuba jari ba su tsaya sun karanta wannan bambancin ba.

Tarihin abin ya girmi 2007. Bayan tsadar mai ta shekarun 1970, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta buɗe wani shiri a 1978, ta tattara nau'in gansakuka kusan 3,000, ta tace su zuwa kimanin 300, ta gina tafkunan gwaji a Roswell da ke jihar Niyu Meziko. An rufe shirin a 1996, lokacin gangar ɗanyen mai tana wajen dala 20, domin man gansakuka ba zai iya gogayya da wannan arahar ba. Da gangar ta kai dala 147 a watan Yulin 2008, sai aka dawo da gudu. A watan Janairun 2009 wani jirgin kamfanin Continental ya yi gwajin tashi da man da aka gauraya da na gansakuka da na cini da zugu. A shekarar ce ExxonMobil ya ba da sanarwar shirin dala miliyan 600 tare da Synthetic Genomics. A ƙarshen 2011 rundunar ruwan Amurka ta sayi galan 450,000 na man tsirrai, wani ɓangare daga gansakuka, a kan dala miliyan 12, wato wajen dala 26 kowane galan, ninkin-ba-ninkin farashin man da ta saba saye. Daga nan sai janyewa. Shell ya fice a 2011. Solazyme, wanda ke kiwon tasa gansakukar a cikin tankuna masu duhu yana ciyar da ita sukari, ya canja suna zuwa TerraVia, ya koma kayan abinci da na shafawa, ya durƙushe a 2017. ExxonMobil ya daina ba da kuɗi, labarin ya fito a farkon 2023, bayan ya kashe fiye da dala miliyan 350. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kasa samar da man. Kwalliya ce ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Hanyoyin noman iri biyu ne. Ta farko buɗaɗɗen tafki ne mai siffar filin sukuwa, zurfinsa santimita 20 zuwa 30, da fanka mai faifai da ke tura ruwan yana zagayawa dare da rana domin kowace ƙwaya ta samu rabonta na haske. William Oswald na jami'ar Kalifoniya ne ya fara gyara wannan tsari a shekarun 1950, domin tsabtace ruwan ƙazanta. Ta biyu bututu ne ko akwatunan gilashi da roba a rufe, masu ba da amfani mai kauri da tsabta, amma tsadarsu ta fi ƙarfin abin da za a ƙona a inji. Don haka duk maganar man dizal a kan buɗaɗɗen tafki take komawa, shi kuwa kowa yana iya faɗawa cikinsa. Wata gansakukar daji marar mai takan mamaye wadda aka shuka, ƙananan halittu masu cinta da cututtukan fumfuna sukan shiga, tafkin da yake kore shar yau ya koma ruwan ƙasa-ƙasa cikin kwana biyu ko uku.

Babbar wahalar tana wajen girbi. A buɗaɗɗen tafki lita ɗaya ta ruwa ba ta ɗauke da abin da ya wuce kimanin rabin giram na busasshiyar gansakuka. Kilo ɗaya yana buƙatar lita 2,000. Idan rubu'in nauyinta mai ne, lita ɗaya ta mai tana buƙatar kusan kilo 3.6, wato sai an bi ta kan ruwa lita 7,200, durom 36, kafin a cika kwalbar lita ɗaya. Ƙwayoyin kuma ba sa tsayawa a rariya ko ƙyalle, ba sa kwanciya da kansu da wuri. Sai a zuba alif ko wani sinadari ya dunƙule su, a kwashi kunun, a sa shi a injin wulwulawa ya fitar da sauran ruwan, a busar, a fasa bangon ƙwayar mai tauri, a jawo man da sinadarin hegzen, sannan a ƙafar da hegzen ɗin. Gyaɗa ana soya ta a niƙa a matse, mai ya fito. Chlorella ba ta matsuwa haka. Kowane mataki yana cin wuta, kuma nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa idan ba a yi hattara ba, ƙarfin da aka kashe wajen girbi da busarwa yakan kai ko ya wuce wanda ke cikin man. Majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta bayyana a rahotonta na 2012 cewa, da fasahar lokacin, samar da kashi 5 cikin ɗari kacal na man sufurin ƙasar daga gansakuka zai ci ruwa da taki da makamashin da ba za a iya ɗorewa a kai ba.

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin jihar Katsina, a shiyyar Funtuwa, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, wajen milimita 1,000 a shekara. Ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya da shinkafa. Buƙatar man gas, wato dizal, a nan ba ƙarama ba ce. Shi tarakta ke sha, da injin niƙa, da injin casa, da janaretocin turakun sadarwa, da tirelolin da ke lodin hatsi daga kasuwanni irin su Sheme da Ɗandume zuwa Kano da kudancin ƙasa. Litarsa da ba ta kai naira 300 ba a 2021 ta haura 700 a tsakiyar 2022, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2023, kuma kowane ƙari yana fitowa a kuɗin huɗa da kuɗin niƙa da kuɗin mota. Amma a lura, babur da yawancin ƙananan injinan ban-ruwa na fadama fetur suke sha, bayodizal ba shi da abin yi a cikinsu.

Abin da yankin yake da shi a yalwace rana ce da ɗumi. Manoman gansakuka a Turai da arewacin Amurka suna asarar watannin sanyi, a nan kuwa za a iya noma kusan duk shekara. Akwai kuma fako da tsandauri da ba a nomawa. To, a ɗauka hekta ɗaya ta tafki tana ba da giram 15 a kowace murabba'in mita a rana, adadin da ke cikin abin da tafkunan gwaji suka saba bayarwa, har kwana 300. Za a samu tan 45 na busasshiyar gansakuka, wanda rubu'insa zai ba da kimanin lita 12,500 na mai. Wannan ya ninka na manja sau biyu, ko da yake bai kai rubu'in adadin 2007 ba. Sai a duba abin da hektar za ta ci.

Na farko ruwa. Idan rana da iska suka sha milimita 5 kawai a yini, kuma a bazara suna shan fiye da haka, hekta ɗaya ta yi asarar lita 50,000 kowace rana. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kusan babu ruwan saman da zai mayar da shi. Rafukan yankin na damina ne, kududdufai suna ƙafewa, abin da ya rage a fadama kuma masu tumatir da albasa da makiyaya suna jira. Madatsar Mairuwa da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau ruwan shan jama'a ce. A Amurka da Ostireliya ana kauce wa wannan matsalar da ruwan teku, Katsina kuwa ba ta da teku. Hunturu yana da nasa: sanyin dare yana rage girma, ƙura tana tare haske ta kuma zuba cikin tafki. Zafin Maris da Afrilu yana iya ɗaga ruwa marar zurfi sama da digiri 20 zuwa 30 da yawancin ire-iren suka fi so.

Na biyu taki, kuma wannan ne manomin Faskari zai fi saurin ganewa. Idan aka ɗauka kashi 6 cikin ɗari na busasshiyar gansakuka naitirojin ne, tan 45 zai ɗauke kusan tan 2.7, daidai da buhu sama da 100 na yuriya mai kilo 50. Hekta ɗaya ta masara, ko an bi shawarar malaman gona sau da ƙafa, ba ta wuce buhu goma ko makamancin haka na taki duka. Ana iya mayar da wani kaso ta hanyar ruɓar da tunkuzar a maida ta tafki, amma da'awar cewa gansakuka ba ta gasa da abinci ta tsaya ne a kan ƙasa, ba ta kai ga taki da ruwa ba.

Na uku iskar kabon. Wadda ke cikin sarari kashi 0.04 ce cikin ɗari, ba ta shiga ruwa da saurin da tafki mai kauri ke buƙata. Tan 45 na gansakuka yana son fiye da tan 80 nata, shi ya sa ake gina tafkunan a gindin masana'antar siminti ko tashar wutar lantarki domin a tura musu hayaƙi. Kamfanonin simintin da suka fi kusa suna Sakkwato, matatar mai ta Kaduna kuma ta shafe shekaru ba ta aiki. Ga fanka da famfo da injin wulwulawa suna son wutar da ba ta yankewa. Hasken rana zai iya ɗaukar fanka, amma wanda ya kunna janaretan dizal domin ya samar da dizal ya san inda lissafinsa zai ƙare.

Akwai kuma tsaro. Ƙananan hukumomin uku suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba. A Ƙanƙara aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a ranar 11 ga Disambar 2020. A 2021 gwamnatin jihar ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a yankin na wani lokaci. Gonar dawa tana jure a bar ta mako guda. Tafkin gansakuka kuwa sai an duba shi safe da yamma, an auna tsaminsa da kaurinsa, fanka kuma ba ta tsayawa.

A takarda, Najeriya ta daɗe da buɗe ƙofa. Kamfanin mai na ƙasa ya kafa sashen makamashin da ake sabuntawa a 2005, a 2007 kuma gwamnati ta fitar da manufar man tsirrai da ta tanadi gauraya kashi 10 na itanol a fetur da kashi 20 na bayodizal a dizal. Gaurayen bai kai gidajen mai ba. Indonesiya, wadda ta tilasta kashi 30 a 2020 ta kuma ƙara daga baya, da manja ta yi, Barazil kuma da waken suya. Babu ƙasar da ta cika nata da gansakuka. Aikin da ake yi a nan gida na ɗakin bincike ne, a jami'o'i da cibiyoyi irin su Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Zariya. A wannan fagen Ƙanƙara tana da suna ta wata fuska: farar ƙasarta ta daɗe tana zuwa Zariya, inda ake sarrafa ta zuwa ziyolait, kuma irin wannan sinadari yana cikin waɗanda ake gwadawa a maimakon soda, domin shi ana tsame shi a sake amfani da shi. Garin ƙwallon zogale ma an gwada shi wajen dunƙule Chlorella a maimakon alif, kuma yana yi.

Idan bayodizal ake so a yankin, akwai man da ya fi kusa da hannu. Angurya tana fitowa daga injinan gurzar auduga na Funtuwa, kuma an saba matse ta. 'Ya'yan bedi suna zuba a ƙasa kowace shekara, ƙwallonsu yana da mai wajen kashi 40 cikin ɗari, kuma ba a cin sa. Cini da zugu da ake shinge da shi yana da kusan kashi ɗaya cikin uku, zurma ma haka nan tana da mai mai yawa. Duk waɗannan busassu ake tsince su, injin matsa na gida ya isa. Su ma ba a rasa su da cikas. A Garalo da ke kudancin Mali an kafa janaretocin da aka yi nufin su sha man cini da zugu, amma a can da sauran ƙasashen Afirka amfanin bishiyar bai kai abin da aka yi alkawari ba, angurya kuma masu kiwo da masu man girki sun riga sun yi mata farashi.

Gansakukar da ta tabbata tana kawo kuɗi, ba don mai ake nomanta ba. A yankin Kanem na ƙasar Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata koriya mai shuɗi-shuɗi daga tafkunan kanwa, su zuba ta a ramin yashi ruwan ya tsotse, ta bushe, su yanka ta gunduwa-gunduwa su kai kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita. Ita ce duniya ta sani da Spirulina. Abu biyu ne suka sauƙaƙa ta: siffarta zare ce mai murɗewa, don haka ƙyalle yana tare ta, ruwan kanwa kuma yana korar yawancin masu yi mata kutse. Kimanin kashi 60 na jikinta furotin ne, manta kuwa bai kai kashi 10 ba. Kilo ɗaya nata a matsayin abinci ko haɗin abincin kifi da kaji ya fi kilo ɗaya na dizal daraja sau da yawa, kuma can kamfanonin da suka tsira daga guguwar 2008 suka koma. Sai dai ba kowane koren ruwa ake ba dabba ba, domin wasu dangin wannan iri, kamar Microcystis da ke yaɗuwa a ruwan da ƙazanta ta yi wa yawa, suna da gubar da ke lalata hanta.

Hanya ɗaya da ke sassauta lissafin ruwa da taki a lokaci guda ita ce ta Oswald, wato a noma gansakukar a ruwan da aka riga aka ɓata: na mayanka, na kwatamin gari, ko wanda masu kiwon tarwaɗa ke zubarwa bayan 'yan kwanaki. Irin wannan ruwan yana ɗauke da naitirojin da fosfaras kyauta, gansakuka ta shanye su, ruwan ya fita da dama-dama a yi ban-ruwa da shi. Abin da aka girbe yawanci gauraye ne mai ƙarancin mai, ya fi dacewa da taki ko a ruɓar da shi a rufaffen rami ya ba da iskar gas ta girki. Tsarin yana buƙatar wurin da ruwan ƙazanta ke taruwa ta magudana ɗaya duk shekara, abin da ya fi samuwa a gari mai girman Funtuwa ko Katsina fiye da ƙauyukan Sabuwa da Ƙanƙara, inda ruwan wanka da wanki ke bin lungu ya nutse a ƙasa.